Dokar kasuwanci: Abin da ta ƙunsa da inda huruminta ya tsaya ga ɗan kasuwar Batagarawa

Garin Batagarawa yana kudu da birnin Katsina a kan hanyar Dutsin-Ma, kuma bunƙasar birnin ta kai matsayin da yake da wuya baƙo ya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. A cikin wannan ƙaramar hukuma, wadda take ɗaya daga cikin 34 na Jihar Katsina, akwai mazaunin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, akwai manoman rani na kewayen madatsar ruwan Ajiwa, akwai masu sayar da siminti da bulo ga sababbin unguwanni, ga kuma dillalan hatsi da na filaye. Kowace rana ana ƙulla ciniki iri-iri a tsakaninsu, wani da rasit, wani da saƙon waya, mafi yawa kuwa da baki da musabaha.

Muddin kowa ya cika alkawari, babu mai tambayar wace doka ce ke tsare da cinikin. Ranar da aka saɓa ne tambayar take tasowa, kuma a ranar ne mutane da yawa suke gano cewa sun ɗora wa doka nauyin da ba nata ba, ko sun kai kukansu ƙofar da ba a karɓarsa. Aikin dokar kasuwanci shi ne tilasta cika alkawarin da ya halatta kuma aka iya tabbatar da shi. Sanin wannan iyaka yana da amfani daidai da sanin dokar kanta.

Mece ce dokar kasuwanci?

Babu wani kundi guda a Najeriya da ake kira dokar kasuwanci. Suna ne da masana suka ba tarin ƙa'idojin da ke tsara mu'amala tsakanin masu saye da sayarwa: yadda ake ƙulla yarjejeniya, sayar da kaya, wakilci da dillanci, haɗa jari, kafa kamfani, bashi da jingina, cek da harkar banki, inshora, jigilar kaya, da kuma abin da ake yi idan ɗan kasuwa ya karye. Galibinta doka ce ta tsakanin mutum da mutum. Wanda aka cuta shi ne ke shigar da ƙara, kuma abin da kotu ke ba shi shi ne kuɗinsa, ko kayansa, ko diyyar asarar da saɓa alkawarin ya jawo masa.

Tushe uku a kasuwa ɗaya

Ciniki a ƙasar Katsina ya girmi kowace doka da ke rubuce da boko. A ƙarni na 17 da na 18 birnin yana cikin manyan zangunan fataucin Sahara, kuma alƙalai suna raba gardamar 'yan kasuwa da fiƙihun Malikiyya. Littattafan da suka dogara da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, har yau su ne a gaban alƙalan kotunan Shari'a. Daga nan aka samo hukuncin riba, da na cinikin da ke da ruɗu, wanda Bahaushe ke kira cinikin biri a sama, da na salam, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, da na mayar da kaya saboda aibi. Wannan shi ne tushe na farko.

Tushe na biyu al'adar kasuwa ce: matsayin sarkin kasuwa, la'adar dillali, kafin alƙalami, da lamunin da maigida ke yi wa baƙon da ya sauka a wurinsa. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya wallafa a 1969, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ba tare da takarda ba, domin maigida ya tsaya, kuma duk wanda ya ci amana ya rasa wurin zama a kasuwar.

Tushe na uku ya zo da Turawa, waɗanda suka karɓi Katsina a 1903. Dokokin da aka gada daga gare su sun haɗa da ƙa'idojin da alƙalan Ingila suka gina da hukunce-hukuncensu, da kuma dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. A cikinsu akwai dokar sayar da kaya ta 1893 da dokar haɗin gwiwar kasuwanci ta 1890. Wasu jihohi sun rubuta nasu daga baya, amma a kan wannan tsari suka ɗora. Sannan ga dokokin da majalisun Najeriya suka yi bayan samun 'yanci.

Saboda haka cinikin buhun gero guda yana iya faɗawa ƙarƙashin kowane ɗaya daga cikin ukun nan, gwargwadon waɗanda suka ƙulla shi, da yadda suka ƙulla shi, da kotun da aka kai shi.

Wa ke da ikon tsara me?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba ikon. Majalisar Tarayya kaɗai ke yin doka a kan bankuna, cek, inshora, kwastam, karayar arziki, rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, tambarin kaya, ma'auni da sikeli, da kuma ƙwadago. Yarjejeniya ta yau da kullum, hayar shago da lasisin masu ba da rance suna hannun jihohi. Jadawali na Huɗu kuma ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota da mayanka, da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwar Batagarawa ita ce, rumfar da yake zaune a kasuwa da kuɗin da yake biya a kanta lamarin ƙaramar hukuma ne, sunan shagonsa lamarin Abuja ne, bashin da yake bin abokin cinikinsa kuwa lamarin kotunan jiha ne. Takardar ɗaya ba ta maye gurbin ta ɗaya.

Saye da sayarwa

Yarjejeniya tana ƙulluwa idan wani ya yi tayi, wani ya karɓa, aka amince da abin da kowa zai bayar. Ba sharaɗi ba ne sai an rubuta, in ban da wasu nau'o'i kamar cinikin fili da tsaya wa wani a kan bashi, waɗanda dokar da aka gada ta nemi a sami rubutu a kansu.

Dokar sayar da kaya tana shigar da wasu sharuɗɗa cikin ciniki ko da ba a furta su ba. Dole mai sayarwa ya kasance yana da ikon sayar da abin. Dole kayan su dace da yadda aka siffanta su. In an nuna samfur, dole sauran su yi daidai da shi. In mai saye ya bayyana abin da zai yi da kayan, ya kuma dogara da ƙwarewar mai sayarwa, to dole su yi wannan aikin. Wanda ya ga masara mai kyau a bakin buhu aka kawo masa mai ƙwari a ciki yana da haƙƙin ƙin karɓa, matuƙar bai yi jinkiri ba.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke yawan ba mutane mamaki. Ta farko, asara tana bin mallaka: idan kaya sun riga sun zama na mai saye, gobara ta cinye su a ɗakin ajiyar mai sayarwa ba tare da sakacinsa ba, asarar ta mai saye ce, sai in sun amince da wani abu daban. Ta biyu, mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba. In ban da 'yan togaciya kaɗan, wanda ya sayi babur ɗin sata da zuciya ɗaya zai mayar wa mai shi, sannan ya bi wanda ya sayar masa.

Dillali kuwa wakili ne a idon doka. Abin da ya ƙulla a cikin iyakar izinin da aka ba shi ya hau kan wanda ya wakilta. An hana shi cin riba a ɓoye. Dillalin da aka ce ya sayar a kan wani farashi, ya sayar sama da haka ya riƙe ragowar ba da sanin mai kaya ba, ana iya tilasta masa ya dawo da ita.

Rajista, kamfani da haɗa jari

Dokar kamfanoni da aka fi sani da CAMA, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2020 ta maye gurbin ta 1990, ita ce ke tsara siffar da kasuwanci zai ɗauka. Duk wanda ke ciniki da sunan da ba nasa na yanka ba dole ya yi masa rajista da hukumar CAC cikin kwana 28 da fara aiki. A 2024 hukumar ta umarci masu sana'ar POS su ma su yi rajista.

Rajistar suna ba ta raba mutum da kasuwancinsa. In shagon ya ci bashi, ana iya bin gidansa da motarsa. Kamfani ne ke da wannan katanga, domin tun shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila doka ta ɗauke shi a matsayin mutum mai zaman kansa, wanda bashinsa ba bashin masu hannun jari ba ne. Dokar 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa, da mafi ƙarancin jarin hannayen jari na Naira 100,000. Sai dai katangar tana rushewa idan an yi amfani da kamfanin wajen zamba, ko idan mai shi ya sa hannu ya tsaya wa kamfanin da kansa, abin da bankuna suka saba nema.

Mutum biyu ko uku da suka haɗa jari suna raba riba sun zama abokan tarayya ko da ba su rubuta komai ba, kuma bashin da ɗaya ya ciwo da sunan kasuwancin ya hau kan kowa. A fiƙihu akwai ƙirali, inda wani ke ba da jari wani ya juya. Ana raba riba ne da kaso, kamar rabi ko sulusi, ba da adadin kuɗi tsayayye ba, kuma in an yi asara ba tare da sakaci ba mai jari ne ke ɗauka, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Rigingimu da yawa tsakanin masu ba da jari da masu juyawa suna tasowa ne daga rashin fayyace wannan tun farko.

Bashi, cek da biya sannu a hankali

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, kuma babban ɓangare na dokar kasuwanci a kansa yake. Dokar 2017 ta jinginar da kadarori masu motsi ta ba ƙananan 'yan kasuwa damar karɓar rance da injin niƙa, dabbobi ko kayan shago, a rubuta jinginar a rajistar da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Ga masu guje wa kuɗin ruwa, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu kuma suka biyo baya, amma su ma suna ƙarƙashin dokar bankuna ta 2020 kamar kowane banki.

Cek yana da hukunci na musamman. Dokar 1977 ta mayar da bayar da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi, idan an karɓi kaya ko bashi da shi kuma aka gabatar da shi a banki cikin wata uku. Hukuncin mutum ɗaurin shekara biyu ne ba zaɓin tara, sai in ya nuna cewa yana da dalilin zaton za a biya.

Masu karɓar babur ko Keke Napep suna biya sannu a hankali suna da kariya a dokar 1965. Idan mutum ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba shi da ikon ƙwacewa sai ta hanyar kotu. In ya ƙwace da ƙarfi, yarjejeniyar ta warware, kuma ana iya sa shi ya dawo da duk abin da aka biya. Togaciyar ita ce, idan biya uku ko fiye suka taru ba a yi ba, yana iya ɗauke abin hawan ya adana shi kafin kotu ta yi hukunci.

Mai saye na ƙarshe shi ma yana da doka. Dokar gasa da kare masu saye, wadda ta fara aiki a 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba shi haƙƙin mayar da kaya masu lahani, ta kuma haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki su ƙayyade farashi. Rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su bai soke wannan haƙƙi ba.

Wace kotu ce ke da hurumi?

Hurumi shi ne ran shari'a. Kotun da ba ta da shi, duk abin da ta yi ya tashi a banza, ko da an shekara goma ana zuwa.

Tun ranar 1 ga Agustan 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'adua, kotunan Shari'a ne ke zama a Jihar Katsina a madadin tsofaffin kotunan yanki. Suna sauraron ƙarar bashi da ciniki tsakanin Musulmi, wanda ba Musulmi ba kuwa sai da yardarsa. Majistare, idan ya zauna a matsayin alƙalin kotun gunduma, yana sauraron ƙarar kuɗi zuwa wani adadi da doka ta ƙayyade. Babbar Kotun Jiha tana da hurumi mai faɗi a ƙarƙashin sashe na 272.

Sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a Katsina, rigingimun tafiyar da kamfani, kwastam, harajin tarayya, tambarin kaya da karayar arziki. Amma Kotun Ƙoli, a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna a 2005, ta ce saɓa yarjejeniya ta yau da kullum ba huruminta ba ne. Rigima tsakanin banki da mai ajiya kuwa ana iya kai ta kowace daga cikin manyan kotunan biyu.

Wajen ɗaukaka ƙara ma akwai tarko. Sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali kamar aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Manyan kotuna sun sha rushe hukuncinta a kan fili da ciniki saboda rashin hurumi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Wanda bai gamsu da hukuncin kotun Shari'a a kan ciniki ba yana bukatar shawarar lauya kafin ya zaɓi inda zai nufa.

Inda dokar ta tsaya

Iyaka ta farko tana tsakanin bashi da laifi. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa 'yan sanda da EFCC ba hukumomin karɓo bashi ba ne. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa saboda bashi yana iya tsintar kansa yana biyan diyyar tauye haƙƙi. Abin yana zama laifi ne idan akwai zamba tun farko, kamar sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko cin amanar dukiyar da aka damƙa wa mutum. Haka kuma an hana kama ɗan'uwa ko matar wanda ake nema a madadinsa.

Ta biyu, kotu ba ta taimakon cinikin da doka ta haramta. Wanda ya ba da kuɗi a shigo masa da kayan fasa-ƙwauri aka cinye, ba shi da inda zai kai ƙara a kan yarjejeniyar. Kotun Shari'a kuma ba ta hukunta biyan riba, duk da cewa Babbar Kotu tana tilasta biyan kuɗin ruwan da aka sa wa hannu da banki.

Ta uku ita ce fili, wanda ya fi komai jawo rigima a gefen birni irin Batagarawa. Fili ba kaya ba ne a ma'anar dokar sayar da kaya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Shi ke ba da izinin mallaka a yankin da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da na gargajiya a wajensa. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da izinin mallakar gwamna, kuma a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi ba tare da ita ba. Takardar mai unguwa da shaidu hujja ce ta cewa an biya kuɗi, amma ba ta kai matsayin takardar mallaka ba.

Ta huɗu, takardar CAC shaida ce ta cewa kamfani yana nan, ba lasisin karɓar ajiyar jama'a ba. Wannan sai Babban Banki ko hukumar kula da hannayen jari ta SEC. Tun rushewar MMM a ƙarshen 2016 ake maimaita wannan darasi, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta fito fili ta haramta irin wannan tsari na biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi.

Ta biyar, haraji da ƙwadago suna da nasu dokokin. Rigimar maigida da ma'aikacinsa a kan albashi ko kora ta Kotun Ma'aikata ce a ƙarƙashin sashe na 254C. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Ta shida, lokaci. Dokokin ƙayyade wa'adi suna rufe ƙofar ƙara a kan yarjejeniya bayan shekara shida a wasu jihohi, biyar a wasu. Bashin yana nan a wuyan mai shi, amma Babbar Kotu ba za ta saurara ba. Amsa bashin a rubuce ko biyan wani ɓangare yana sabunta lissafin.

Ta bakwai, hujja. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, a kotun boko da ta Shari'a baki ɗaya. A fiƙihun Malikiyya ana tabbatar da haƙƙin dukiya da shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar saƙon waya da bayanan tura kuɗi, bisa sharuɗɗan da ya shimfiɗa.

Ta ƙarshe, doka ba ta lamunce wa kowa riba ba. Faɗuwar farashi bayan an saye, ko gobara irin wadda ta tashi a babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, asara ce da ba a bin kowa sai in an tabbatar da sakacinsa. Inshora ko takaful ne kaɗai ke ɗaukar irin wannan nauyi, su ma sai an biya kuɗinsu tun kafin abin ya faru.

Bayan an tsallaka Jibiya

Da yawa daga 'yan kasuwar Katsina suna da abokan ciniki a Maraɗi, yarensu ɗaya, al'adarsu ɗaya, amma dokarsu daban. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993, masu dokar kasuwanci guda bisa tsarin Faransa da babbar kotu a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Hukuncin kotun Katsina ba ya zartuwa kai tsaye a kan dukiyar da ke Maraɗi sai kotun can ta amince da shi. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, duk sun nuna cewa matakin gwamnati yana iya tsayar da cinikin da babu wanda ya saɓa. Masu manyan harkoki kan rubuta tun farko dokar ƙasar da za a bi da wanda zai ɗauki asara in hanya ta toshe.

Ma'aikacin gwamnati da kasuwanci

Ga ma'aikaci, iyakar tana cikin Kundin Tsarin Mulki kansa. Jadawali na Biyar ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Yana iya mallakar hannun jari, amma gudanar da shago ko kamfani da kansa yana iya kai shi gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata.

Ɗan kwangilar da ke hulɗa da gwamnati kuma ya sani cewa akwai dokokin bayar da kwangila a saman yarjejeniyarsa, kuma alkawarin baki daga jami'i ba ya maye gurbin takardar kwangila. Ko ya yi nasara a kotu, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Sulhu

Mafi yawan rigingimun kasuwa ba sa isa kotu, kuma doka ba ta ƙi hakan ba. Kotun Ƙoli, a shari'ar Agu da Ikewibe a 1991, ta amince da hukuncin dattawa idan ɓangarorin biyu sun kai kansu da yardarsu kuma sun karɓi abin da aka yanke. Dokar sasantawa ta 2023 ta ƙarfafa yarjejeniyar sulhu da aka rubuta aka sa wa hannu. Ɓangaren shari'a na Jihar Katsina yana da zauren sasanta rigingimu, kuma tun da Legas a 2018 da Kano a 2019 suka buɗe kotunan ƙananan basussuka, inda mutum ke iya tsayawa ba lauya, jihohi da dama sun bi sahu. Abin da shugabannin kasuwa ba su da shi shi ne ikon tsare mutum ko ƙwace masa dukiya da ƙarfi.

Daga duk abin da ya gabata, abubuwan da ke raba wanda doka za ta iya taimaka wa da wanda ba za ta iya ba kaɗan ne, kuma ba su da tsada: a rubuta sunayen masu ciniki, da kaya, da farashi, da ranar biya, a sa shaidu biyu, a adana rasit da saƙonnin waya, a binciki takardar fili a ma'aikatar ƙasa kafin a biya, a fayyace rabon riba da asara kafin a miƙa jari, a nemi haƙƙi tun wa'adi bai wuce ba, a kuma tambayi kotun da ke da hurumi kafin a shigar da ƙara. Amana ita ce ta riƙe kasuwar Katsina ɗaruruwan shekaru, kuma har gobe ita ce jarin farko. Takarda tana zuwa ne domin ranar da ɗaya ya manta, ko ya musanta, ko ya rasu ya bar magada da ba su san abin da aka ƙulla ba.